Lima, Arewacin Gaɓa ko Kusko: Ina Ya Fi Dacewa Ka Bi Ɗan Jagora Ka Ga Tukwanen Tsohuwar Peru?

Al'ummomin da suka rayu a gaɓar tekun Peru da kan tsaunukan Andes kafin Sifaniyawa su ci ƙasar a 1532 ba su bar wa na baya rubutun haruffa ba. Abin da suka ɗauka game da mutuwa da ruwan sama da jini da sarauta, a jikin yumɓu da saƙa da bangon laka ya tsira, kuma yumɓun ne ya fi yawa. Shi ya sa wanda ya shiga gidan tarihi a can shi kaɗai yakan fito da waya cike da hotuna, kai kuwa wayam. Tulu zai nuna maka mutum mai fiƙar damisa riƙe da wuƙa a hannu ɗaya da kan mutum a ɗayan, amma ba zai gaya maka ko wane ne ba. Sai an yi maka bayani, kuma nauyin bayanin yana rataye ne a kan abu biyu: wanda yake yin sa, da irin kayan da yake tsaye a gabansu.

Wurare uku ne mai ziyara yakan zaɓa tsakaninsu. Akwai gidajen tarihin Lima, babban birnin ƙasar, inda tukwanen suka fi yawa kuma suka fi kyau. Akwai gidajen tarihin arewacin gaɓa, wajen Trujillo da Chiclayo, da aka gina kusa da inda aka tono kayan. Sai Kusko, inda galibin baƙi suke yada zango a hanyarsu ta zuwa Machu Picchu. Ra'ayinmu a taƙaice: Lima tana koya maka karanta tukunya, arewa tana nuna maka hujjar abin da aka karanta, Kusko kuwa madadi ce ga wanda lokaci ya ƙure masa.

Abin da ya kamata ido ya sani tun kafin a shiga

Maginan Andes ba su yi amfani da faifan juyi ba, ba su kuma san ƙyallin tangaran ba. Da hannu suke gini, ko su danna yumɓu cikin mazubi mai ɓari biyu su haɗa, su shafe da ruwan yumɓu mai launi, su goge da dutse mai santsi har ya ɗauki sheƙi, sannan su gasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake gasa tukwane a fili a ƙasar Hausa ya riga ya san rabin sirrin launin: idan iska ta ratsa wutar, tukunya ta fito ja, idan aka danne wutar a ƙarshe hayaƙi ya turnuƙe, ta fito baƙa. Baƙaƙen tulunan Chimú da na Sicán, tsofaffin al'ummomi biyu na gaɓar arewa, haka aka same su, ba fenti ba ne.

Siffar da za ka fi gani ita ce tulu mai wuyan likkafa. Bututu biyu ne suke tashi daga kafaɗar tulun, su lanƙwaso su haɗu a sama kamar likkafar sirdi, sai baki ɗaya ya miƙe daga inda suka haɗu. Mutanen Cupisnique sun yi shi tun kusan shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Moche, da ake furtawa Moce, suka kai shi ƙololuwa tsakanin kimanin shekara ta 100 zuwa ta 800 miladiyya, Chimú suka ci gaba da shi har Inka suka ci su da yaƙi wajen 1470. A kudu kuwa Nasca sun fi son baki biyu da gada a tsakani, da launuka da kan haura goma a tukunya ɗaya, duk an shafa su kafin gashi. Inka suna da tulunsu mai dogon wuya da gindi mai tsini, wanda ake goyawa a baya da igiya, a zuba giyar masara. Wanda ya riƙe waɗannan siffofi a kansa ya rage wa ɗan jagoransa aikin rabin awa, kuma wannan rabin awar ce za a kashe a kan abin da ya fi muhimmanci.

Gidan tarihin Larco

Rafael Larco Hoyle ne ya kafa shi a 1926 a gonar raken gidansu da ke Chiclín, kusa da Trujillo, daga baya aka dawo da shi Lima, unguwar Pueblo Libre, cikin wani gida na ƙarni na 18. Kayan da ke ciki sun kai kusan 45,000. Gidan na masu zaman kansu ne, yana buɗe kowace rana har da Litinin, kuma bayanan da ke jikin gilasan an rubuta su da Sifaniyanci da Ingilishi da Faransanci da wasu harsuna. Ga mai karatun da ya fito daga Nijar ko Kamaru ko Cadi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin a arewacin ƙasar bayanin Faransanci yana da wuyar samu.

Ƙarfin Larco shi ne jerantawa. Zauren farko yana bin al'adun yanki-yanki da zamani-zamani, sai a wuce zuwa zaurukan da aka ware wa saƙa, da hadaya, da kayan biki, da jana'iza, da zinariya da azurfa. A nan ne ɗan jagora nagari zai tsayar da kai a gaban tulunan Moche masu siffar kan mutum. Ka matso ka duba ɗaya da kyau: rawanin da aka naɗa da igiya a ƙarƙashin haɓa, jan fenti a kumatu biyu da farin layi a tsakiyar fuska, kuncin da ya ɗan zube, idon da ya kumbura. Fuskokin mutane ne na gaske. Christopher Donnan, wanda ya shafe shekaru yana tattara hotunan tukwanen Moche daga gidajen tarihin duniya, ya bi sawun wani mutum mai tabo a leɓen sama a tuluna da dama, tun yana yaro har ya zama magidanci. Tambayar da ta dace a nan ita ce dalilin da zai sa a zuba fuskar mutum ɗaya a mazubi a yi ta maimaitawa, kuma me ya sa wasu daga cikin waɗannan fuskokin suke sake bayyana a wasu tulunan tsirara da igiya a wuya, a matsayin fursunonin da za a yanka.

Larco Hoyle ne kuma ya raba tarihin Moche zuwa zango biyar ta hanyar duban bakin tulu kawai. A zangon farko bakin gajere ne mai kaurin leɓe. Yana tafiya yana tsawo leɓen yana ɓacewa. A zango na huɗu ya miƙe sambal, kuma a lokacin ne zanen siririn layi, ja a kan fari, ya bunƙasa. A na biyar bakin ya tsuke ta sama, zanen ya cika jikin tulun ba masaka tsinke. Ka nemi a nuna maka su a jere. Amma ka saurara ko ɗan jagoran zai ƙara da cewa wannan ma'auni ya fi aiki a kwaruruwan Moche da Chicama, a can arewa da hamadar Paiján kuwa, wajen Jequetepeque da Lambayeque, tsarin ya sha bamban. Wanda ya faɗi haka ba tare da an tambaye shi ba, ka riƙe shi da kyau.

Abin da babu irinsa a sauran wuraren shi ne rumbun ajiya da aka buɗe wa jama'a. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, bayan gilashi, ɗauke da tukwane kusan 30,000, an jera su bisa abin da suke nunawa: nan mujiyoyi, can barewa, can masara da gyaɗa da dankali, can marasa lafiya da makafi, can kwarangwal masu busa sarewa. Mutane da yawa sukan leƙa su fita cikin minti biyar. Mu a ganinmu a nan ne darasin yake. A babban zaure kana ganin mujiya ɗaya ka ɗauka gwanintar magini ɗaya ce; a rumbu kana ganin kanta guda cike da ita, sai ka gane cewa akwai ƙa'idar da kowa yake bi, cewa siffofin ƙidayayyu ne, ana maimaita su kamar yadda ake maimaita labarin da kowa ya sani. Ka ware wa rumbun aƙalla minti ashirin, ka gaya wa ɗan jagoran tun a bakin ƙofa.

Raunin Larco shi ne raunin kowace tsohuwar taska irin tata. Larco Hoyle ya yi tono da kansa ya kuma rubuta abin da ya gani, amma kaso mai yawa na kayan sayen su aka yi daga wasu masu tarawa, su kuma daga hannun masu fasa kaburbura suka same su. Tulun da aka raba da kabarinsa ya rasa rabin bakinsa: ba a san wa aka binne shi da shi ba, namiji ko mace, a kai aka ajiye shi ko a ƙafa, shi kaɗai ko cikin ɗari. Irin asarar da aka tafka ke nan da gumakan yumɓun Nok na kudancin Kaduna, waɗanda aka kwashe da yawansu zuwa kasuwannin Turai ba tare da an san ramin da suka fito ba. Saboda haka bayanin aƙida a Larco, komai daɗinsa, fassarar hoto ce.

Matsalar da aka fi samu a aikace ta lokaci ce. Kamfanonin yawon birni sukan haɗa Larco da tsakiyar Lima a fita ɗaya ta rabin yini, cunkoson motoci ya cinye awa guda, a bar wa gidan tarihin abin da bai kai awa ba. Sai a yi sama-sama: zinariya, zauren tulunan jima'i, hoto a lambu, a koma mota. Gwamma ka je da kanka ka ɗauki ɗan jagoran gidan, ka ba zagayen awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ka sake komawa kai kaɗai. Zauren tulunan jima'i yana wani ɓangare dabam, ana shiga ta lambu, don haka mai tafe da iyali ko wanda ba ya son gani zai iya tsallake shi ba tare da ya rasa zaren sauran ba. Wanda ya shiga kuma ya san cewa masana suna danganta yawancinsu da haihuwa da matattu da kakanni, domin a cikinsu akwai kwarangwal da dabbobi. Ɗan jagoran da ya mai da wurin abin raha ya rage maka.

Sauran Lima a gurguje

Gidan tarihin ƙasa na kayan tono da tarihin Peru yana cikin unguwar Pueblo Libre ɗin, tafiyar kusan minti goma sha biyar da ƙafa daga Larco. Ya fi Larco faɗin zamani da yanki, kuma a nan dutsen Raimondi yake, sassaƙen tsohuwar al'ummar Chavín, mai ɗauke da abin bautar nan mai sanda a kowane hannu, siffar da ta sake fitowa bayan ɗaruruwan shekaru a jikin manyan randunan daular Wari. An sha rufe sassansa don gyara, don haka a tabbatar da zaurukan da ke buɗe kafin a kama hanya. Gidan Amano da ke Miraflores, wanda ɗan kasuwar Japan Yoshitaro Amano ya kafa a 1964, na saƙa ne da farko, amma yana da tukwanen mutanen Chancay masu baƙi a kan fari da 'yan gumakan nan masu ɗaga hannu sama. Pachacamac, kimanin kilomita 30 kudu da birnin, shi ne ya fi kusa da ɗanɗanon arewa: wurin bauta da neman sanin gaibu ne da mahajjatansa suka riƙa zuwa daga nesa har zamanin Inka, kuma gunkin katakonsa mai fuska biyu, da aka tono a 1938, yana cikin sabon gidan tarihin da aka buɗe a 2016.

Arewa, inda hoto ya haɗu da ƙashi

Akwai wani zane da ke fitowa a jikin wasu tulunan Moche, wanda masana suke kira bikin hadaya. A ƙasan zanen fursunoni ne a ɗaure ana yanka su ana tarar jinin; a sama wani mai hular mazurari da ƙarfe mai siffar jinjirin wata a kai yana karɓar kofi daga hannun wani mai siffar tsuntsu, bayansu wata mace mai dogayen kitso da hula mai tuntaye tana tafe da nata kofin. An daɗe ana gardama ko tatsuniyar alloli ce ko abin da ya faru ne. A 1987 masanin tono Walter Alva ya tono kabarin da ba a taɓa ba a Huaca Rajada, kusa da ƙauyen Sipán, jim kaɗan bayan ɓarayi sun fasa na kusa da shi. Mutumin da ke cikin akwatin katakon yana tare da irin hular da kayan ƙugun da ƙararrawar da mai karɓar kofin yake sanye da su. Kabari na biyu ya fito da mai hular mujiya da kofin tagulla a hannu. A 1991 Donnan da Luis Jaime Castillo suka sami macen a San José de Moro, da tuntayenta da kofinta. Sannan a tsakiyar shekarun 1990 Steve Bourget ya tono wani fili a Huaca de la Luna ya tarar da ƙasusuwan maza fiye da saba'in, samari da magidanta, da alamar wuƙa a ƙashin wuya, da tsofaffin karaya irin na mayaƙa, da gumakan ɗanyen yumɓu na fursunoni da aka farfasa a kansu.

Wannan shi ne dalilin zuwa arewa. A can ɗan jagora ba sai ya ce maka "ana jin cewa" ba a kowace jimla. Zai nuna maka zanen, ya juya ya nuna maka kofin.

Huaca de la Luna tana gindin dutsen Cerro Blanco, tafiyar kusan minti ashirin a mota daga Trujillo. Ginin tubalin laka ne da aka riƙa binne tsoho a gina sabo a kansa, shi ya sa launukan bangon ciki suka tsira: ja, rawaya, fari, baƙi. Ba a shiga sai da ɗan jagoran wurin, rukuni-rukuni. Za ka ga fuskar mai fiƙa da gashi kamar igiyar ruwa cikin zane mai kusurwa huɗu, wanda Larco Hoyle ya laƙaba wa suna Ai Apaec daga Muchik, tsohon harshen gaɓar arewa, sannan a sauko da kai gaban katangar arewa mai hawa bakwai: jerin fursunoni da igiya a wuya a can ƙasa, masu riƙe da hannun juna a samansu, sai gizo-gizo, har zuwa maciji. Ka fara da gidan tarihin Huacas de Moche, wanda aka buɗe a 2010, kafin ka hau. Yawancin rukunai suna yin akasin haka, su iso gidan tarihin a gajiye da rana a ka, alhali tukwanen da ke ciki, waɗanda aka san ramin kowannensu, su ne mabuɗin abin da ke bangon. A filin da ke tsakanin wannan gini da takwaransa Huaca del Sol an tono unguwar masu sana'a har da wurin ginin tukwane da mazubansa. Ka yi tambaya kan ruwan sama ma: wasu gawarwakin an same su cikin taɓon da ruwa ya kwararo, abin da ya sa ake danganta yankan da shekarun El Niño, wato shekarun da ɗumamar teku ke jawo ruwan sama mai yawa, amma wasu a wani filin ba su da alaƙa da ruwa. Amsar da ta ce duk don tsayar da ruwa aka yi ta gajarta labarin.

Kimanin kilomita 60 arewa da Trujillo akwai El Brujo, inda aka sanar da gano Uwargidan Cao a 2006: mace matashiya, an shafe ta da jan sinadari, fatar hannunta da jarfar macizai da gizo-gizo har yau ana gani, an binne ta da kulake da kayan sarauta. Gidan tarihin Cao, na 2009, ƙarami ne, awa ɗaya ta isa, kuma gawar tana ɗakin ƙarshe mai duhu.

Gidan tarihin kaburburan sarakunan Sipán yana garin Lambayeque, kilomita 12 daga Chiclayo, an buɗe shi a 2002. Ana hawa gangara a shiga ta hawa na uku, a riƙa saukowa kamar yadda masu tono suka sauka. A nan dole mu ja kunnen mai son tukwane: zinariya ce tauraruwar wurin. Tukwane fiye da dubu da aka samu a ɗakin da ke kusa da kabarin na gaggawa ne, an zuba su a mazubi ba gogewa, mutane-mutane ne marasa kyau da aka jera kamar 'yan rakiya. Wanda ya zo neman kyan gini zai ce Larco ta fi, kuma gaskiyarsa. Amma yawansu da jerinsu suna faɗin abin da kyakkyawan tulu ɗaya a gilashi ba zai faɗa ba. Ka tsaya kuma a gaban sarƙar gyaɗar nan, ƙwaya goma na zinariya a dama, goma na azurfa a hagu. Idan ɗan jagora zai yi maka maganar aƙidar abu biyu masu cika juna, rana da wata, dama da hagu, ga inda yake da madafa. A baya an daɗe ana hana ɗaukar hoto a ciki. Idan da sauran rabin yini, gidan tarihin Sicán da ke Ferreñafe yana nuna baƙaƙen tuluna masu fuskar nan mai idanu kamar fiffike, da kwaikwayon kabarin da Izumi Shimada ya tono, inda aka binne mai gidan kai ƙasa ƙafa sama.

Kuɗin arewa lokaci ne. Daga Lima zuwa Trujillo kusan kilomita 560 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgi, ko dare guda a bas. Daga Trujillo zuwa Chiclayo kusan kilomita 200, awa uku zuwa huɗu. Kwana uku shi ne mafi ƙanƙanta: ɗaya ga Huaca de la Luna da Chan Chan, tsohon birnin laka na Chimú, ɗaya ga El Brujo a kan hanya, ɗaya ga Lambayeque da Huaca Rajada. Gidajen tarihin gwamnati galibi a rufe suke ranar Litinin, kuma Lahadin farko ta kowane wata kyauta ce ga 'yan ƙasa, don haka cika ake yi. Daga Janairu zuwa Maris zafi ne, kuma a shekarar da El Niño ya zo, kamar 2017, ruwa yana yanke hanyoyi. Masu jagora da Ingilishi suna nan amma ba su da yawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kusko da kudu

Gidan kayan fasahar kafin zuwan Turawa da ke dandalin Nazarenas a Kusko, wanda aka buɗe a 2003, 'yan ɗaruruwan kaya ne da aka zaɓo daga taskar Larco. An haska su da kyau, kowanne da sararinsa, ana zagayawa cikin awa ɗaya. An tsara shi ne don a ga kyau, bayanin aƙida kaɗan ne. Gidan tarihin Inka, na jami'ar garin, ya fi tsufa da ƙura amma ya fi shi amfani ga mai son sanin Inka: manyan tulunan giyar masara, da kofunan katako da ake yi bibbiyu domin shugaba ya sha da ɗaya ya miƙa ɗayan ga baƙo, ko ga rana, ko ga gawar kakansa. Kusko tana sama da mita 3,300, kada a sa doguwar tsayuwa a ranar isowa. Mai son Nasca kuwa sai ya gangara kudu, kimanin awa bakwai a bas daga Lima, inda gidan tarihin Antonini yake da kayan da aka tono a Cahuachi, cibiyar bautar mutanen Nasca, har da sarewun yumɓu. Gidan tarihin Ica yana kan hanyar.

Yadda ake gane ɗan jagora

Iri uku ne. Na gidan tarihin ya san kantocinsa, ya san abin da aka canza wa wuri, kuma sau da yawa ya karanta ilimin tono ko tarihi. Na kamfani yana ɗauke maka wahalar mota da tikiti, amma agogonsa na kamfani ne, kuma iliminsa yakan fi ƙarfi a kan Inka, domin su baƙi suka fi tambaya. Mai zaman kansa da ka ɗauka na yini ya fi tsada, ya fi dacewa da arewa inda wuraren suke warwatse. Ka nemi ganin katinsa na jagoran da hukuma ta amince da shi. Rukunin da ya haura mutum takwas ba ya aiki a gaban zanen siririn layi, domin zanen yana zagaye tulun ne, siffofin ba su wuce tsawon yatsa ba, na baya ba ya ganin komai. Ka nemi a nuna maka zanen da aka warware a shimfiɗe a takarda. Gidaje da yawa suna manna shi kusa da tulun.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin masu jagora shi ne ɗaukar kalmomin Inka a yafa wa kowa. Za ka ji Pachamama, wato uwar ƙasa, da duniya uku ta tsuntsu da damisa da maciji, ana fassara tulun Moche da su. Tsakanin ƙarshen Moche da daular Inka akwai shekara wajen ɗari shida, harshen gaɓar arewa dabam yake da Kecuwa, harshen Inka, kuma mafi yawan abin da aka sani na aƙidar Andes a rubuce ya fito ne daga alƙalamin Sifaniyawa, da dama daga cikinsu limaman coci masu yaƙi da wannan bautar, ko daga rubutun Huarochirí na Kecuwa da aka yi wajen 1608. Kwatancen yana da amfani idan an faɗi cewa kwatance ne. Tambaya ɗaya tana tace mutum: "Daga ina aka san haka?" Nagari zai rarrabe maka abin da aka gani a kabari, da abin da aka karanta a zane, da abin da aka aro daga rubutun bayan mamaya. Gwada shi kuma da wuyan likkafa. Ana cewa yana rage ƙafewar ruwa, ana cewa iska tana shiga ta ɓari ɗaya ruwa ya fita ta ɗayan, ana cewa don rataya ne. Wanda ya ba ka ɗaya daga ciki a matsayin magana yankakkiya, haka zai yi maka a kan alloli.

Ga mai yini ɗaya a Lima, Larco da safe da ɗan jagoran gidan, gidan tarihin ƙasa da rana idan zaurukansa suna buɗe. Ga mai kwana biyar da aƙida ta fi damunsa, Larco tukuna sannan arewa, ba akasin haka ba, domin idon da bai koyi gane mai karɓar kofi a jikin tulu ba zai wuce kayansa a Lambayeque yana kallon zinariya kawai. Mai tafe da yara ya san cewa a Sipán da Cao da Ica akwai gawarwaki da ƙasusuwa a fili. Wanda ya sayi zagaye haɗe da abincin rana ya faɗi tun da wuri cewa ba ya cin naman alade ba ya shan giya, domin ana yawan tarbar baƙo da ɗan kofin pisco, kuma chicha, abin shan da ake yi da masara, iri biyu ce: ta jora mai sa maye, da morada ta baƙar masara wadda ba ta da giya.

A ƙofar kusan kowane wuri za a tallata maka tuluna. Kwaikwayo halas ne, wasu ma masu kyau ƙwarai, ana yin su da mazubi kamar na dā. Na asali kuwa dokar Peru ta hana fitar da su, kuma ma'aikatar al'adu tana da masu dubawa a filin jirgin saman Lima. Kwaikwayon da aka tsufar da shi da ƙasa da hayaƙi yana iya sa a tsare ka har a tantance, don haka ka zaɓi wanda magininsa ya sa hannu ko hatimi a gindi, ka karɓi rasit, ka cusa wa cikin wuyan likkafar tsumma kafin ka naɗe, domin a mahaɗar bututun biyu yake fara tsagewa.